Sabulu a Kan Izga

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Lonnie ya kira. Lonnie Sizemore, wanda muka yi shekara da shekaru muna zama gefe da gefe a situdiyoyin Nashville, shi da jitarsa, ni da gogena. Yanzu shi ne shugaban makaɗan wani yaro mai tashe, Tanner Rusk, wanda rediyo ba ta iya wuni ba ta saka shi ba. Wai suna neman mai goge da zai bi su yawon wasanni.

Na ce, "Lonnie, na ji waƙoƙin yaron nan a kanti. Akori-kura, giya mai sanyi, yarinya a kujerar gefe. A ina goge zai zauna a ciki?"

"Ke dai ki zo, Verna. Yaushe rabon wayarki da ƙara? Kina zaune kina zaɓe kamar wata sarauniya."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na ce zan zo ranar Laraba. Ban gaya masa komai ba, don babu abin faɗa.

Talata, 7 ga Mayu, da yamma

Na buɗe akwatin gogen, na goge ƙura, na rufe. Kofi ya zube mini a ƙafa. Laifin kofin ne, mariƙinsa ƙarami ne.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan an tashi gwaji

Wani ƙaton sito ne suka mayar wurin gwaji. Fitilu ko'ina, allon majigi ya fi gidana girma, kuma a bayan mai ganga akwai kwamfuta da aka ba wa teburinta ita kaɗai. Ita ce shugabar makaɗa ta gaskiya, Lonnie mataimakinta ne. Ita ke ƙirga mana a kunne, ita ke fitar da rabin kiɗan.

Wata yarinya daga kamfanin faifai, Kenzie, ta zo ta kewaya ni tana kallo kamar za ta sayi saniya. Tana da kirki, shi ne abin takaicin.

"Mis Verna, don Allah kada ki rina gashin nan. Wannan furfurar ita muke so. Ki sake shi ya zubo. Mutane suna son su ga asali a kan dandamali."

Na ce, "Su gani, ko su ji?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Sai Lonnie ya ja ni gefe, ya miƙo mini wata izga mai araha da guntun sabulu, yana kallon takalminsa. Na san abin. Duk mai goge a garin nan ya sani, ana yi a talabijin tun kafin a haifi Kenzie. Maimakon ka shafa wa gashin izga ƙaro don ya kama tsirkiya, sai ka shafa masa sabulu. Ka ja ta yadda kake so, ka yi rawa da kafaɗa, ka lumshe ido, ko cinnaka ba zai ji ka ba.

"Gogen yana cikin kwamfuta," in ji shi. "In kika yi ƙara, makirfon Tanner zai kwasa, ya ɓata musu lissafi. Kada ki kalle ni haka. Ni ma rabin abin da nake kaɗawa ba ya fita."

Ya kamata in jefa masa sabulun a fuska. Shekara goma da suka wuce da na yi, har in haɗa da zagin kakansa. Na tsaya ina jiran fushin ya taso, sai wani abu dabam ya taso. Ba zan rubuta sunansa ba. Na sa izgar a akwati kusa da tawa ta gaske, akwai gurbin guda biyu ai.

Alhamis, 9 ga Mayu, da sassafe

Sauƙi na ji. To, na rubuta. Sauƙi na ji, kuma ina jin kunya.

Juma'a, 10 ga Mayu, da rana tsaka

A waƙa ta uku gogen kwamfuta ya shigo mini a kunne, na kusa sakin izgar. Nawa ne. Na san hannuna kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta a cikin taro. Da daɗewa wasu samari sun ɗauke ni aikin yini guda, suka ce in yi ta kaɗa gutsattsari su naɗa, ba waƙa ba, gutsattsari kawai. Ashe ga inda suka ƙare. An yayyanka, an miƙe duk inda na lanƙwasa murya, an jera a kan gangar inji. Wurin lanƙwasar nan kuwa shi ne kiɗan, sauran duk ɗaukar kaya ne.

Yanzu ina tsaye ina kwaikwayon matar da nake a da. Ta fi ni sauri, 'yar banza.

Doyle ƙanena ya kira daga gida Kentucky. Ranar gyaran kaburbura ta matso, Lahadin farko na Yuni kamar kullum. Za a share maƙabartar dangi a kan tudu, a sa furanni, a ci abinci a ƙarƙashin itatuwa, ni kuma in tsaya a kan kabarin Baba in kaɗa kiɗansa, wanda bai taɓa sa wa suna ba. Tun da ya rasu ban taɓa fashi ba.

"Yaya, kina zuwa dai ko? Mama ta fara lissafin kaji."

"Ina zuwa. Ba ni ita."

"Tana lambu."

Kiɗan Baba yana da wani hawa a tsakiya, can sama, wanda sai ƙaramin yatsa ya miƙe ya kamo shi. Me ya sa ma nake rubuta wannan?

Lahadi, 12 ga Mayu

Ban je coci ba. Na wanke labule, na sake jera kwanuka, na fita, na dawo. Katin likitan da aka ce in je in gani yana jikin firiji inda ya kwana biyu. Ban kira ba.

Laraba, 15 ga Mayu, a cikin bas, da yamma

Mun nufi Indiana. Bas ɗin tana da firiji da talabijin da gadaje kamar akwatunan gawa. A da mu shida muke cusuwa cikin mota ɗaya, babbar jita a kan cinyoyinmu, muna faɗa a kan wa ya ci albasa. Ba na cewa da ta fi. Bayana ya fi son yanzu. Amma a wancan lokacin in ka yi kuskure a kan dandamali kowa ya ji, kuma washegari sai an yi maka tsiya har ka gyara.

Mai ganga, wani dogo da ake kira Beau, ya ce, "Mis Verna, sabulun me kike amfani da shi? Ƙamshi kike bazawa duk inda kika ja izga."

Na ce, "Na wanke baki ne. In ara maka?"

Suka kwashe da dariya. Sun karɓe ni ke nan. Ban san ko murna zan yi ba.

Juma'a, 17 ga Mayu, da hantsi

Jiya aka yi wasan farko. Filin ƙwallo cike maƙil, huluna masu faɗi kamar an shuka su. Da aka zo wurina fitila ta faɗo kaina, fuskata ta cika allo, na ja izga, na karkata kai, gashina ya zubo yadda Kenzie take so. Ihun da suka yi, ko a bikin aurena ba a yi mini shi ba.

Ban ji komai a hannu ba. Ina nufin ba a bukaci in ji ba. 'Yan autan yatsun nan biyu na hannuna na hagu suka kwanta a kan tsirkiya kamar ba nawa ba, suka sauka inda suka ga dama, kuma babu wanda ya sani. Ko Lonnie da ke tsaye kusa da ni.

Yau da safe a wurin karin kumallo wani tsoho ya tare ni, riƙe da hularsa a ƙirji. Manomi ne, hannunsa ya nuna. Ya ce jikarsa ce ta jawo shi wasan.

"Baiwar Allah, duk hayaniyar nan ke kaɗai ce ta gaske. Da kika fara, sai na tuna da mahaifina. Har na yi hawaye, ban ɓoye miki ba."

Na ce na gode. Me zan ce? Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ƙwaina ya huce a faranti.

Asabar, 18 ga Mayu

Ohio. Haka dai.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Ban kira ba. Yau ma Lahadi ce, ba sa buɗewa, don haka ba laifina ba ne.

Talata, 21 ga Mayu, da la'asar

Tanner ya bar bas ɗinsa ya shigo tamu. Sai yau na gan shi ba hula, ba fitila. Yaro ne siriri mai cizon farce. Ya zauna a gabana yana murza hannu.

"Mis Verna, kakata tana da faifan da kika yi kiɗa a ciki. Shi take sawa in tana guga. Da shi na koyi waƙa."

Na ce, "To ina ka kai abin da ka koya?"

Ya yi ja har kunne. Ya ce yana da wasu waƙoƙi da ya rubuta shi kaɗai, ɗaya a kan ranar da aka rufe masaƙar garinsu, babansa ya dawo gida da rana tsaka ya zauna a mota bai shigo ba. Ya kai wa kamfani, suka ce tana da kyau ƙwarai, amma ba a buɗe kwalbar giya da ita. Suka haɗa shi da mutum huɗu a ɗaki, suka fito da wata a kan tafki da giya. Ita ce ta yi tashe.

Ya ɗauko jita ya rera mini ta masaƙar, a hankali, ba inji, ba komai. Wallahi yaron ya iya waƙa. Na ji haushin hakan, don ya fi mini sauƙi in raina shi.

"Ki ɗauko izgar ta gasken mana, ki bi ni. Sau ɗaya kawai. Ina so in ji yadda za ta kasance."

Akwatin yana ƙarƙashin ƙafata. Lonnie ya ajiye wayarsa yana kallona. Beau ma.

Na ce, "Ba a ɗauke ni aikin wannan ba."

Ya ce, "Haka ne, ki yi haƙuri." Ya tashi ya fita. Yana ganin raini ne. Gara ya ga haka.

Laraba, 22 ga Mayu, da safe

Lonnie bai yi mini magana ba sai da muka tsaya shan mai. Ya ce, "Kin san ba ki kyauta ba. Kin wuni kina zagin garin nan ya sayar da kiɗa, yaro ya kawo miki na gaske a faranti kin ture."

Na ce ya kula da jitarsa. Na sayi gyaɗa, na kasa buɗe ledar, na yaga da haƙori a bayan bas.

Juma'a, 24 ga Mayu

Missouri. Fitila, allo, gashi, ihu. Kenzie ta ce hotona ya fi na kowa yawo a waya. Suna so su buga shi a riga.

Lahadi, 26 ga Mayu, da rana

An ba mu hutu, ina gida. Na rufe tagogi duka don maƙwabta, na ɗauko izgata ta gaske, na shafa mata ƙaro. Na ɗora gogen a kafaɗa. Na tsaya. Na ci gaba da tsayuwa.

Muddin ban ja ba, ban sani ba. Wannan shi ne dukan zancen. Na mayar da ita, na buɗe tagogi, na share tsakar ɗakin da na share da safe.

Na kira gida. Doyle ya ce Mama tana barci. Da rana tsaka? Matar da ba ta taɓa kwanciya rana na sama ba?

"Tsufa ne, Yaya. Ke dai ki zo."

Talata, 28 ga Mayu, da hantsi

Na yi tunanin in ce aiki ya riƙe ni. Ƙarya ce mai kyau, har da allo da riga a matsayin shaida. Na ɗauki waya, na ajiye. Na ɗauka, na ajiye. Ko kuma in je in ce na mance gogen. Wa zai yarda? Ni da aka ce ko banɗaki da shi nake shiga.

Alhamis, 30 ga Mayu

Ban kira likita ba. Ban kira Doyle ba. Na cika mota da mai.

Asabar, 1 ga Yuni, da rana, a gida

Hanyar tana nan yadda take, sai dai rediyo. Tasha uku na canza, duk akori-kura ce da giya, a ta huɗu kuma na ji kaina ina kaɗawa a bayan Tanner. Na kashe.

Doyle ya tare ni a bakin mota kafin in fito. Ya tsufa, tumbinsa ya riga shi isowa.

"Yaya, tsaya in gaya miki. Mama ba ta ji. Tun sanyin da ya wuce, bayan zazzaɓin nan. Ko kaɗan. Ta hana a faɗa miki."

"Don me?"

"Wai kada ki ce ba amfanin zuwa da goge."

Na same ta a kicin tana yanka wainar masara, wake yana tafasa. Ta rungume ni, ta riƙe fuskata ta duba, ta yi magana da ƙarfi kamar ina ƙetaren rafi. "Kin rame! Me suke ba ku a can, takarda?" Na ba ta amsa, tana kallon bakina tana gyaɗa kai a inda bai dace ba. Na fita bayan gida na tsaya wajen kaji har idona ya bushe.

Asabar, da almuru

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ragi.

Doyle ya tafi kai kujeru kan tudu. Ni da Mama kaɗai a baranda. Ta nuna akwatin da haɓa. "Ɗauko ki gwada na gobe. Kada ki ba ni kunya gaban dangin babanki."

Na buɗe. Izga biyu suna kwance. Na ce a raina, ba ta ji, me zai ragu? Za ta ga hannu yana tafiya, ta ji daɗi, ni kuma in sami daren yau. Na san wadda na ɗauka. Ba kuskure ba ne.

Na fara. Na yi duk abin da nake yi wa filin ƙwallo, har da karkata kai. Tana kallona. Sai ta jawo kujerarta kusa, ta miƙo hannu ta shimfiɗa tafinta a bayan gogen, a ƙarƙashin haɓata. Ashe haka take yi yanzu. Doyle ya gaya mini daga baya, a coci ma jikin fiyano take dafawa.

Na ci gaba da ja. Ban san me ya sa ban tsaya ba. Itacen shiru, kamar ta dafa tebur.

Ta ɗauke hannunta, ta karɓi izgar, ta shinshina. Ta auri mai goge shekara hamsin, ba ta bukatar a yi mata bayani.

"Verna Jean. Ni za ki yi wa wannan?"

Ta kamo hannuna na hagu, ta juya shi, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana kallon fuskata. Da ta zo kan biyun nan ta matsa da ƙarfi, da farce. Ban motsa ba, don ban ji ba. Ta daɗe riƙe da su.

"Tun yaushe?"

Na nuna mata da hannu, tun bara.

"Babanki ma da biyu ya ƙare. Shekarunsa na ƙarshe da yatsu biyu kawai yake kaɗawa a wurin nan, kaji suna gudu. In za ki zo sai ya ɓoye gogen ya ce kafaɗa ke ciwo. Kina can kina faifai, ba ya so ki ji." Ta ajiye izgar sabulun a ƙasa kusa da kwanon kare. "Gidan nan kowa gwanin ɓoyo ne. Na gaji. Tashi ki zuba mana wake."

Lahadi, 2 ga Yuni, da safe

Na hau bayan rumbu inda waya ke kamawa, na kira Lonnie na gaya masa duka. Ya ce, "Haba Verna. Haba. Ai da kin faɗa." Muryarsa ta karye. Ya ce, "Wurinki yana nan, kin ji? Ba abin da zai canza. Ba wanda zai ji ai."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Na ce ya gaya wa Tanner ba raini ba ne, kuma waƙar masaƙar nan kada ya bari su taɓa ta. Na ce ranar Talata kada bas ta jira ni.

Ban san me zan yi ranar Laraba ba.

Lahadi, da yamma

An share, an sa furanni, an yi addu'a, an ci kaji har an bar saura. Dangi sun fi na bara yawa, har da 'ya'yan kawu Harlan da suka zo daga Ohio, suna ta nuna wa juna hotona a waya. Ɗaya ta ce, "Anti, ki yi mana irin na allo!"

Na tsaya a kan kabarin Baba. Na shafa ƙaro a gabansu, a hankali. Mama ta zo ta tsaya a gefena da rigarta ta coci, ta dafa bayan gogen.

Farkon ya zo, da ɗingishi amma ya zo. Na ji muryar gogena a cikin haƙorana, rabona da ita tun bara. Sai hawan ya iso. Na aika ƙaramin yatsa, bai je ba. Abin da ya fito kamar an ja tsohuwar ƙofa. Na sake, ya fi na farko muni. Wani yaro ya yi dariya aka make shi. Na ga wayoyi suna sauka ɗaya bayan ɗaya, Doyle ya sunkuyar da kai. Na tsaya.

Mama ta ɗago, da muryar nan tata da ake ji har gindin tudu.

"Wa ya ce ki tsaya?"

Na koma. Na zame da yatsan tsakiya na kamo abin da na iya kamowa, na bar sauran. Na kai shi ƙarshe. Bai yi daɗi ba, kuma kowa a kan tudun ya ji bai yi daɗi ba. Mama ba ta ɗauke hannunta ba sai da itacen ya daina karkarwa.